Batirin Babur: Tsawon Rayuwarsa da Abubuwan da Ke Kashe Shi

Batirin babur ƙaramin akwati ne na roba, nauyinsa kilo ɗaya zuwa uku, wanda ke ɓoye a bayan murfin gefe ko a ƙarƙashin wurin zama. Aikinsa shi ne ya adana wutar da inji ya samar, ya bayar da ita a lokacin da aka buƙata. Shi ke juya sitata idan an danna maɓalli, shi ke ba hon murya, shi ke kunna sigina da fitilar birki. Muddin yana aiki ba mai tunawa da shi. Sai ranar da aka danna sitata aka ji ƙas-ƙas, inji bai motsa ba, sannan ake buɗe murfi a dube shi.

A garuruwa irin su Gauraka, da ke gefen Suleja a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, wannan ɗan akwati yana da alaƙa da abincin gidaje masu yawa. Tun da aka mayar da hedikwatar Najeriya Abuja a 1991, ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta cika Suleja da Madalla da Gauraka, inda haya ta fi sauƙi. Da aka hana acaba a tsakiyar birnin Abuja a 2006, sana'ar ta ƙara tattaruwa a garuruwan da ke kewaye. Babur ne ke ɗauko ma'aikaci daga lungun unguwa zuwa bakin titi da asuba, shi ke kai yara makaranta, shi ke shigar da buhu inda mota ba ta shiga. Bajaj Boxer da TVS da Jincheng da Haojue da 'yan roba-roba duk suna ɗauke da batir iri ɗaya a asali, kuma masu su suna yawan kuka da abu guda: sabon batir ba ya daɗewa.

Kukan yana da tushe, amma ba kullum laifin batir ba ne. Mafi yawan baturan da ake zubarwa ba tsufa ne ya kashe su ba. Ƙarancin caji ne, da zafi, da jijjiga, da wayarin da ya lalace ba a lura ba, kuma akasarin waɗannan suna hannun mai babur da bakanikensa.

Abin da ke cikin akwatin

Batirin da ke kan yawancin babura na dalma ne da asid. Wani masanin kimiyya ɗan Faransa mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859, sannan Camille Faure ya inganta farantansa a 1881. Har yau tsarin bai sauya sosai ba. An raba cikin akwatin ɗaki shida. A kowane ɗaki akwai farantai iri biyu a jere: masu launin ƙasa-ƙasa, na dalmar da ta haɗu da iskar oksijin, da masu launin toka, na dalma mai laushi kamar soso. Tsakanin kowane biyu akwai siririn shamaki da ke hana su taɓa juna. Dukkansu suna jiƙe cikin ruwan da kusan kashi ɗaya cikin uku nasa asid ɗin salfa ne, sauran kuma tataccen ruwa.

Kowane ɗaki yana bayar da bolt 2.1, wato ma'aunin ƙarfin turin wuta. Idan aka haɗa shida sai a sami bolt 12.6. Shi ya sa batirin da ake kira mai bolt 12, idan aka auna shi aka ga 12 daidai, ba a cike yake ba. Ya riga ya zubar da fiye da rabin abin da ke cikinsa.

Lokacin da batir ke bayar da wuta, asid ɗin yana shiga jikin farantai, ya haɗu da dalma, su zama wani farin gishiri da ake kira salfet. Ruwan da ya rage sai ya yi salam. Idan aka yi caji, wutar da ta shigo tana narkar da gishirin, asid ya koma cikin ruwa, dalma ta koma yadda take. Wannan kai-da-komo shi ne rayuwar batir baki ɗaya. Duk abin da ya hana gishirin narkewa, ko ya zubar da abin da ke jikin farantai, ko ya ƙafar da ruwan, to shi ke rage masa kwana.

A kasuwa ana samun iri uku. Akwai mai ruwa, wanda ke da marufai shida a sama da layi biyu a jikinsa masu nuna iyakar ruwa. Akwai rufaffe, wanda ake ce wa busasshe, ko da yake ba bushe yake ba: asid ɗinsa yana tsotse ne a cikin wani abu mai kama da auduga da aka yi da zaren gilashi, ko kuma an daskarar da shi. Sai na litiyam, mara nauyi, mai tsada, wanda bai yaɗu a kan baburan haya ba.

Girman batir kuwa yana rubuce a jikinsa. Lamba irin 12N5 tana nufin bolt 12 da 5Ah, wato zai iya bayar da rabin amfiya, ma'aunin yawan wutar da ke gudana, na tsawon awa 10. Ƙananan babura suna amfani da daga 2.5Ah zuwa 9Ah, alhali na ƙaramar mota ya ninka haka sau da yawa. Taskar babur ƙarama ce ƙwarai, don haka ɗan kuskuren da batirin mota zai shanye yana iya durƙusar da na babur.

Yadda babur ke ciyar da batirinsa

Batir ba ya ƙirƙirar wuta, ajiya kawai yake yi. Misalinsa misalin randa ce: abin da aka zuba shi ake ɗiba, idan kuma ɗiba ta fi zubi, wata rana moɗa za ta taɓo ƙasa. Mai zubin shi ne kwayil ɗin da ke cikin injin. Idan inji na juyawa, maganaɗisu yana zagaye kwayil, wuta ta fito. Amma wutar tana fitowa ne tana kai da komo, kuma ƙarfinta yana hawa da sauka daidai da gudun inji. Rektifaya, ɗan ƙarfen nan mai tsaga-tsaga da ake ɗaurewa a jikin firam, shi ke miƙar da ita ta bi hanya ɗaya, ya kuma tsayar da ƙarfinta tsakanin bolt 13.5 da 14.5, gwargwadon abin da batir ke iya karɓa.

Abu biyu ne ya kamata a riƙe a nan. Na farko, kwayil ɗin ƙaramin babur ba ya bayar da wutar kirki idan inji yana silo. Sai an ɗan ja tafiya caji ke shiga sosai. Na biyu, a kan babura da yawa na haya, filogi da babbar fitila suna samun wutarsu kai tsaye daga kwayil. Irin wannan babur yana tashi da kiki, fitilarsa ta haska, ko da batirin ya mutu murus. Wannan ne ke sa wasu su yi watanni suna yawo da mataccen batir, hon ya shaƙe, sigina ba ta ƙiftawa, suna ba da hannu idan za su sha kwana. Haɗarin a fili yake a kan titi mai manyan motoci irin na Kaduna, kuma rashin lafiyayyen batir yana ƙara wa rektifaya wahala, ƙwan fitilu su riƙa ƙonewa.

Shekara nawa ya kamata ya yi

Idan an kula da shi, a kuma yanayi mai matsakaicin zafi, batir mai ruwa yana yin shekara 2 zuwa 3, rufaffe mai kyau shekara 3 zuwa 5, na litiyam kuma yana iya wuce haka. Waɗannan alƙaluma an gina su ne a kan zafin digiri 25 a ma'aunin Selshiyas da babur mai lafiyayyen caji. Baburin da ke fita tun sallar asuba, ya wuni cikin rana da ƙura da ramuka, ana kashe shi ana tayarwa ba adadi, ba zai kai ƙarshen wannan lissafi ba. Duk da haka akwai bambanci tsakanin batirin da ya gaji bayan shekara biyu yana aiki da wanda ya mutu cikin wata huɗu. Na farko ya ci zamaninsa. Na biyu akwai abin da ya kashe shi, kuma idan ba a gano abin ba, sabon da za a saka ma hanyar zai bi.

Yunwar caji

Babban mai kisan batir shi ne zama ba a cike ba. Gishirin da ke taruwa a jikin farantai yana da laushi a farko, caji kaɗan ke narkar da shi. Idan aka bar shi kwanaki ko makonni, sai ya sandare ya zama ƙanƙara mai tauri wadda caji ba ya iya fasawa. Duk inda ta rufe a jikin faranti, wurin ya daina aiki ke nan. Haka batir mai 5Ah zai koma mai 3, ya koma mai 2, alhali daga waje ba abin da ya sauya. Alamarsa sananniya ce: an kai shi caji, cikin ɗan lokaci ya nuna ya cika, an ɗaura shi ya tayar da inji sau biyu ko uku, ya sake kwantawa. Wannan daskarewa tana farawa ne da zarar batir ya daɗe a ƙasa da bolt 12.4.

Hanyoyin da yunwar ke shigowa suna da yawa. Ta farko ita ce gajeriyar tafiya. Daga bakin titin Gauraka zuwa cikin unguwa minti kaɗan ne, kuma rabin tafiyar a hankali ake yin ta, ƙafa a kan birki, yatsa a kan hon. Abin da sitata ke ɗiba a tashi ɗaya ba shi da yawa, amma idan aka tara tashi da dama a wuni, ga fitilar birki, ga sigina, ga hon, sai abin da ya fita ya fi abin da ya shigo. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kashe inji a kowace tsayuwa da kowace gangara ya zama dabarar tsimin mai, kuma batir ne ke ɗaukar nauyin wannan tsimi idan da sitata ake sake tayarwa. Wanda babur ɗinsa ke da kiki, gara ya riƙa amfani da shi a irin waɗannan tsaye-tsaye, musamman tashin farko na safe.

Ta biyu ita ce ajiya. Batir yana zubar da wutarsa da kansa ko ba a taɓa shi ba, kuma zafi yana hanzarta hakan: duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin zubar. Ɗan acabar da ya tafi gida noma da damina, ya jingine babur a zaure wata uku, yakan dawo ya tarar da batirin da ba ya karɓar caji. Maganin abu ne mai sauƙi: a cika shi kafin tafiya, a cire wayar da ke kan mai alamar ragi, a bar shi a inuwa, a kuma sa wani ya kai shi caji sau ɗaya a wata.

Ta uku ita ce kayan ƙari. Fitilu masu walƙiya, rediyo mai lasifika, hon na mota, ƙararrawar ɓarayi, na'urar bin sawu da wurin cajin waya, duk daga taska guda suke sha, alhali kamfani ya auna kwayil ne daidai da kayan da babur ya zo da su. Lissafin a bayyane yake. Batir mai 5Ah yana riƙe da kimanin wat 60 na awa guda. Wayar hannu mai babban batir tana buƙatar kusan wat 19 na awa guda kafin ta cika. Cika waya ɗaya da inji a kashe yana cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na batirin babur. Na'urar da aka haɗa kai tsaye ba ta bi ta makulli ba kuwa, ko da ɗigon wuta take sha, kashi 2 cikin 100 na amfiya, za ta tsotse batirin tas cikin kwana 10 idan babur yana ajiye. Batirin tayar da inji ba a yi shi don a riƙa ƙarar da shi ba. Duk lokacin da ya sauka ƙasa gaba ɗaya, wani yanki na ƙarfinsa ya tafi ba dawowa.

Doguwar murzar sitata ma tana cikin wannan sahu. Idan inji ya ƙi tashi saboda filogi ko kafireta, riƙe maɓalli ba ya gyara komai. Ƙa'idar da kamfanonin babura ke bayarwa ita ce kada a wuce daƙiƙa 5, sannan a huta kamar daƙiƙa 10 kafin a sake.

Zafi da ƙishirwa

A ƙasashen sanyi ana ɗora wa hunturu laifi. A ƙasar Hausa da kewayenta zafi ne ke yin ɓarnar. Masu ƙera batir suna da ƙa'ida sananniya: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25, idan ya ɗore, yana raba rayuwar batirin dalma biyu. A yankin Suleja zafin rana yakan haura digiri 35 a watannin Fabrairu da Maris da Afrilu, ga kuma hucin inji da ke kusa da akwatin batir, ga baƙin murfi da ke shan rana a wurin jiran fasinja. Zafi yana sa ragar dalmar da ke riƙe da farantai ta riƙa cinyewa, yana kuma ƙafar da ruwa. Ɓarnar da bazara ta yi sau da yawa ba ta bayyana sai sanyin safiyar Disamba, lokacin da man inji ya yi kauri, batirin kuma ya rage kuzari. Sai a ce sanyi ya kashe shi, alhali sanyin tona asiri kawai ya yi.

Idan ruwa ya sauka ƙasa da layin ƙasa, saman farantai yana fitowa fili, iska ta buge shi, ya lalace cikin ɗan lokaci. Don haka batir mai ruwa yana son a duba shi kowane mako biyu da bazara, kowane wata a sauran lokuta. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi yawa. Abin da ke ƙafewa ruwa ne zalla, asid ɗin yana nan. Saboda haka tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa, ba asid ba. Kwalaben biyu sukan zauna a kanta ɗaya, kuma duka ana ce musu ruwan batir, sai mai saye ya bayyana wanda yake nufi. Ƙara asid yana sa batir ya yi kamar ya farfaɗo na 'yan kwanaki, alhali yana cin farantai ne. Ruwan rijiya da na burtsatse da na leda kuwa suna ɗauke da ma'adanai, irin su ƙarfe da gishiri, waɗanda ba sa cutar da mai sha amma suna gurɓata ɗakunan batir. Rufaffen batir ba a ɓalle murfinsa a zuba masa komai. Jefa ƙwayar magani ko gishiri ko lemon kwalba a cikin batir, kamar yadda wasu ke yi, ba ya narkar da daskararren salfet.

Gargada da damina

Abin da ke jikin farantai shafe ne aka yi a kan raga, ba ƙarfe ne dunƙulalle ba. Jijjiga tana kakkaɓe shi a hankali, ya taru a gindin ɗaki kamar laka. Idan lakar ta taru har ta taɓo farantai biyu, ɗakin ya haɗe, batirin ya koma mai ɗaki biyar. Wani lokaci kuma mahaɗin da ke tsakanin ɗakuna ne ke tsagewa, batirin da ya yi aiki lafiya da safe ya ɗauke ɗif da rana. Hanyoyin cikin unguwa da ruwan damina ya zaizaye suna hanzarta wannan, amma abin da ya fi su ɓarna shi ne batirin da ba a ɗaure ba. Robar da ke riƙe shi takan tsinke, a maye gurbinta da tsumma ko a bar shi yana rawa a cikin akwati. Sabuwar roba da ɗan soso a ƙasa da gefe ba su da tsada. Rufaffen batir ya fi mai ruwa jure gargada, domin farantansa a matse suke.

Damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, tana kawo nata. Laima da tururin asid suna haifar da wani gari fari ko shuɗi-shuɗi a kan batir, inda waya ke ɗaure. Garin yana tare wuta, sitata ta yi nauyi, caji ya ƙi shiga, a ɗauka batir ya mutu alhali kansa ne ya yi datti ko noti ya kwance. Ana wanke shi da ruwan kanwa da tsohon buroshi, domin kanwa tana kashe kaifin asid, amma a kiyaye kada ɗigo ya shiga cikin ɗakuna. Idan ya bushe a ɗaure tam, a shafa ɗan giris ko man basilin. Datti mai laima a saman batir shi ma yana ba wuta hanyar silalewa tsakanin kawunan biyu. A wurin wanki kuma, fesa ruwa mai ƙarfi a kan rektifaya da mahaɗan waya yana jawo tsatsa.

Idan laifin na babur ne

Rektifaya yana lalacewa ta fuska biyu. Idan ya rage bayarwa, batir yana zama cikin yunwa komai nisan tafiya. Idan ya saki wuta fiye da kima, ta haura bolt 15, batir yana zafi, ruwansa ya tafasa ya ƙafe, gefensa ya kumbura, a riƙa jin wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwan fitilu kuma suna ƙonewa a kai a kai. Kwayil da ya ƙone, wayar da ta goge tana taɓa firam, da wayar da ke haɗa batir da jikin babur idan ta yi tsatsa, duk suna kawo irin wannan matsala. Haka kuma ɗaure gurbin fis da zaren waya idan ya ƙone yana cire kariyar da ke hana wayarin kamawa da wuta. Duk wanda ya sauya batir sau biyu cikin shekara guda, wurin mai gyaran wayarin ya kamata ya nufa kafin shagon kayan gyara.

Ranar saye

Rayuwar batir tana farawa daga yadda aka tayar da shi. Mai ruwa yana zuwa ne a bushe, asid ɗinsa a gora daban. Ƙa'ida ita ce a zuba asid zuwa layin sama, a bar shi ya huta rabin awa zuwa awa guda farantai su sha, sannan a yi masa caji a hankali kafin a ɗaura. Batirin da aka zuba wa asid aka ɗaura nan take yana fara aiki ne da kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa, kuma yawanci ba ya sake kaiwa cikar da aka yi shi dominta. Gaggawar awa ɗaya a bakin shago tana iya cin watanni.

Cajin kansa yana da ma'auni: kashi ɗaya cikin 10 na girman batir. Mai 5Ah yana son rabin amfiya, na tsawon awa 10 idan ya sauka sosai. Na'urar cajin batirin mota tana tura abin da ya ninka haka sau da yawa, ta cika shi da sauri ta kuma gasa farantansa. Idan batir ya yi zafi a hannu lokacin caji, wutar ta yi masa yawa.

Wajen zaɓe, lambar da kamfanin babur ya rubuta ita ce abin bi. A duba ranar ƙira, domin rufaffen batirin da ya shekara a kanta cikin zafi ya riga ya fara daskarewa. A kuma ɗaga shi a ji nauyinsa: dalma ce mafi yawan nauyin batir, kuma ita ce mafi tsada a cikinsa, don haka ita masu jabu ke ragewa. Batura biyu masu lamba ɗaya, wanda ya fi sauƙin ɗauka shi ne abin zargi. Araha ba ta ado. Rasit da sharaɗin mayarwa su ne kariyar mai saye.

Gwaji kafin hukunci

Ƙaramar mitar auna wuta, wadda kowane mai gyaran wayarin ke da ita, tana raba gardama cikin minti biyar. Gwajin farko ana yin sa ne bayan babur ya huta wasu awanni: bolt 12.6 zuwa 12.8 batir a cike yake, 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 ya sauka sosai, kusan 10.5 kuma alama ce ta mutuwar ɗaki guda. Na biyu, a danna sitata ana kallon mita: idan ta faɗi ƙasa da 9.6 bayan an tabbatar batirin ya sha caji, ƙarfinsa ya ƙare. Na uku, a tayar da inji a ɗan ja totur: 13.5 zuwa 14.5 caji lafiya, ƙasa da 13 ba ya shiga, sama da 15 ya yi yawa. Gwajin farko da na biyu suna magana a kan batir, na uku a kan babur.

Gwajin da ake yi da guntun waya, a haɗa kawunan biyu a ga tartsatsi, ba ya nuna komai sai cewa akwai sauran wuta, kuma yana lalata farantai. Yana da haɗari ma, domin batir yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, wadda ke kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri. Saboda haka ba a caji a rufaffen ɗaki, ba a kusantar da sigari. Wajen cirewa ana fara kwance waya mai alamar ragi, wajen ɗaurawa kuma ita ce ta ƙarshe. Asid idan ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a nufi asibiti idan ido ne.

Bayan ya mutu

Mataccen batir ba shara ba ce irin sauran. Dalmar da ke cikinsa guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwa da jini da ƙoda, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa. Arewacin Najeriya ya san wannan guba. A 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, a 2015 kuma ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. A waɗannan, daga dutsen zinariya dalmar ta fito. Amma a unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a ƙasar Senegal, yara 18 ne suka mutu tsakanin 2007 da 2008, kuma daga fasa tsofaffin batura a cikin unguwa gubar ta fito.

Don haka ba a barin tsohon batir a tsakar gida inda yara ke wasa, ba a fasa shi, ba a tuttular da ruwansa a kwata ko kusa da rijiya, ba a narkar da dalmarsa a murhun girki. 'Yan gwangwan suna sayensa saboda dalmar tana sake narkuwa ta zama sabon batir, kuma hakan alheri ne idan a masana'anta mai kariya aka yi. Hanya mafi aminci ga mai babur ita ce ya mayar da tsohon ga dillalin da ya sayar masa da sabo, a tsaye, da marufansa a rufe, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Kowane batirin dalma yana da ranar ƙarewa, domin farantansa suna cinyewa ko da an bi kowace ƙa'ida. Abin da ke hannun mai babur shi ne tazarar da ke tsakanin wata shida da shekara uku. Batirin da aka tayar da shi daidai ranar saye, aka ɗaure shi tam, aka ajiye shi a inuwa, aka ƙara masa tataccen ruwa kaɗai, aka kuma auna cajin babur kafin a ɗaura shi, shi ne ke cika kwanakinsa.